Sao Tome ko Biyoko: wanne ya fi dacewa da mai son ratsa kurmi da ƙafa?

Aminu, Jos:
Assalamu alaikum. Ni da abokaina mun saba hawan duwatsun Shere, kuma mukan je kallon tsuntsaye a dajin Amurum da ke Laminga. Yanzu muna da burin ratsa kurmin wani tsibiri da ƙafa, sai dai kanmu ya rabu tsakanin tsibirin Sao Tome na ƙasar Sao Tome da Principe, da tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini. Wanne ne zai fi ba mu damar ganin namun daji?

Malam Haruna, Abuja:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Idan birai kuke nema, Biyoko za ku nufa, domin ya taɓa haɗewa da gaɓar Kamaru a zamanin da ruwan teku ya ja baya, shi ya sa ya gaji birai iri-iri, har da babban birin nan mai baƙar fuska da ake kira dril, wanda farauta ta rage shi ƙwarai. Sao Tome kuwa aman wuta ne ya fito da shi daga ƙarƙashin teku, bai taɓa haɗuwa da nahiya ba, har biran da ke cikinsa ma mutane ne suka kai su. Arzikinsa tsuntsaye ne, kuma da yawansu babu su a ko'ina a duniya sai can. Tunda kun saba da Amurum, ni Sao Tome zan zaɓa muku.

Hajiya Rabi, Jos:
Na goyi bayan Malam Haruna, amma kada ku auna tafiyar da ma'aunin Shere. Dutsenmu busasshe ne, can kuwa taɓo ne da santsin saiwoyi da gumi mai jiƙa tufafi tun da hantsi. Ku fara da hanyar da ta tashi daga lambun Bom Sucesso zuwa Lagoa Amelia a gandun Obo, wanda aka kafa a 2006. Lagoa Amelia tsohon bakin dutse mai aman wuta ne da ciyayi suka lulluɓe, har ƙasar takan motsa idan an taka. Ƙololuwar tsibirin mai tsayin mita 2,024 galibi kwana biyu take ci. Ku je tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da ruwa ke ɗaukewa, kuma lallai ku ɗauki ɗan jagora, saboda akwai baƙin kumurci a kurmin, ga shi harshen Fotugis ake yi.

Aminu, Jos:
Allah ya saka da alheri, Hajiya da Malam. Za mu sa tafiyar a watan Yuli, mu fara da Lagoa Amelia, in Allah ya yarda.