Shin jijiyar barewa za ta iya maye gurbin fatar shanu da ta alade wajen samar da kolajin?

Malam Sani: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kolajin furotin ne da ke ƙarfafa fata, ƙashi da jijiya. Akasarin kolajin da ake sakawa a magunguna da kayan kwalliya daga shanu da alade yake fitowa, kuma ana ta cewa jijiyar ƙafar barewa (wato agara) da ke saura a mahauta za ta iya zama madadi. Shin maganar tana da tushe kuwa?

Malama Hauwa: Wa'alaikumus salam, Malam Sani. Tana da tushe, domin idan aka busar da jijiya, fiye da rabin nauyinta kolajin ne, mafi yawansa nau'i na ɗaya, irin wanda ke cikin fata da ƙashi. Ana wanke agarar a kankare kitsenta, a yayyanka ta ƙanana, sannan a jiƙa ta cikin ruwan asid mai rauni a wuri mai sanyi har ta kumbura ta saki, saboda zafi yana warware zaren kolajin ya mayar da shi jelatin, wato abu mai danƙo da ke daskarewa idan ya huce. Neman madadi ya ƙaru ne tun bayan ɓullar cutar haukan shanu a Birtaniya a 1986, saboda fargabar yaɗuwarta ta kayan da ake samu daga shanu.

Malam Idris: Malama ta yi bayani mai gamsarwa, amma akwai abin lura. Sinadarin fefsin da ake ƙarawa don jijiyar ta narke sosai galibi daga tumbin alade ake ciro shi, don haka wanda ya guje wa alade saboda addini sai ya binciki yadda aka sarrafa kayan, halaccin dabbar kaɗai bai wadatar ba. Barewa ma tana da tata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da dabba, dangin ta shanun, wadda aka fara gani a jihar Kolorado ta Amurka a 1967, ta kuma ɓulla a Nowe a 2016. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, sai dai tafasawa ba ta kashe gurɓataccen furotin da ke haddasa ta.

Malama Hauwa: Haka ne, Malam, shi ya sa aka fi karkata ga Niyuzilan, wadda ke kan gaba a kiwon barewa kuma ba a samu cutar a garkunanta ba. A ganina babban cikas shi ne yawa da farashi: jijiyar ba shara ba ce, domin ana busar da ita a sayar wa 'yan kasuwar Sin don miya da maganin gargajiya. Za ta fi dacewa da kaya masu tsada irin na rufe rauni, inda kaɗan ake buƙata.