Wa ya ƙona ɗakin littattafan Iskandariya?

Nasiru: Salamu alaikum jama'a. An turo mini rubutu wai Musulmi ne suka ƙona babban ɗakin littattafan Iskandariya ta Masar. Wai Amru bin Asi ya tambayi Sayyidina Umar, shi kuma ya ce in littattafan sun dace da Alƙur'ani ba a buƙatarsu, in sun saɓa a ƙona. Har wata shida ana dumama ruwan gidajen wanka da su. Akwai ƙamshin gaskiya?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nasiru, fara neman isnadi. Amru ya ci garin wajen shekara ta 642 Miladiyya, amma labarin bai bayyana a rubuce ba sai ƙarni na 13, wurin Abdullaɗif Albagadadi da Ibnul Ƙifɗi. Kusan shekara 600 shiru. Kuma a ruwayar Ibnul Ƙifɗi, wanda ya roƙi Amru littattafan shi ne Yahaya Annahwi, wani malamin falsafa Kirista da ya rasu wajen 570, gomiya bakwai kafin Amru ya iso.

Zainabu: Allah gafarta Malam, ai Albagadadi da Ibnul Ƙifɗi su biyun Musulmi ne. Me zai sa su ƙaga wa Umar abin da bai yi ba?

Malam Habu: Musuluncin mai ruwaya ba ya cike giɓin shekara 600, 'yata. Ga Yohana na Nikiyu, limamin Kiristocin Ƙibɗawa, ya rubuta tarihin yaƙin a ƙarnin da aka yi shi. Bai raga wa Larabawa ba ko kaɗan, amma bai ambaci ƙona littattafai ba.

Bello: Kun wahalar da kanku. Yuliyas Kaisar na Rum ne. Shekara 48 kafin haihuwar Annabi Isa ya cinna wa jiragen ruwa wuta a tashar garin, wutar ta tsallaka tudu. Shi ke nan.

Zainabu: Yaya Bello, ba shi ke nan ba. Istarabo, Bagirke masanin labarin ƙasa, ya zauna a garin bayan shekara ashirin da wani abu, ya tarar da cibiyar malaman da ke haɗe da ɗakin tana aiki. Kuma ina ka bar haikalin gunki Sarafis da ke da reshen ɗakin, wanda Kiristoci suka rushe a 391?

Malam Habu: Ni fa tambayar ce ban yarda da ita ba. Wurin nan kuɗin sarauta ne ya tsayar da shi. Sarakunan gidan Batlamiyus, Girkawan Makidoniya da suka mulki Masar, su suke ciyar da malamai, suna sayo littattafai, har ana cewa jirgin da ya shigo tasha da littafi sai an karɓe an kwafa. A nan Eratostenis ya ƙiyasta kewayen duniya, a nan aka mayar da Attaura Girkanci. Amma tun shekara 145 kafin haihuwar Annabi Isa, Batlamiyus na takwas ya kori malamai daga garin. Littattafan kuwa naɗe-naɗen takardar ciyawar Nilu ne, danshin bakin teku yana cinye ta. In babu mai biyan masu kwafa, ko ba a ƙyasta wuta ba sai ta ruɓe. Sannan wajen 272 sojojin sarkin Rum Orilyan suka ragargaza unguwar fada inda ɗakin yake.

Bello: Wato Malam ya wanke kowa ke nan?

Malam Habu: Ban wanke Kaisar ba, ya yi ɓarna. Cewa nake bai gama da wurin ba.

Zainabu: Na yarda labarin gidajen wanka ba shi da tushe. Amma har yanzu ba a gaya mini inda Albagadadi ya jiyo shi ba. Ya zauna a Masar, ya ga kufan haikalin da idonsa, da wuya a ce daga kansa ya ƙirƙiro.

Nasiru: To ni me zan mayar wa wanda ya turo mini?

Malam Habu: Ka ce ya kawo marubuci ɗaya da ya faɗi haka kafin shekara ta 1100.