Neman shawara: in sayi na'urar hangen taurari ko in riƙe madubin da na gada?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Argungu, ina sana'ar ɗinki. Cikin kayan marigayi mahaifinmu na samu madubin hangen nesa mai ido biyu, an rubuta 10x50 a jikinsa. Da dare in an ɗauke wuta nakan hau soro da shi ni da 'yata da ke aji biyar. Mun kalli Kaza da 'Ya'yanta, abin ya ba ni mamaki ƙwarai, domin da ido kawai taurari shida nake ƙirgawa, amma a madubi sai ga su birjik kamar an watsa gero a tabarma. Matsalata uku. Hannuna rawa yake yi, komai sai ya riƙa tsalle. Akwai kuma wani tauraro mai haske sosai da nake ganin ɗige-ɗige uku a gefensa, wani daren huɗu, ina tsoron ko gilashin ne ya lalace. Sannan yarinyar ta ga hoton duniyar nan mai zobe a littafinta, ta nace sai ta gani da idonta. Ina da ɗan abin da na tara na adashe. In sayi babbar na'ura ne? Ga shi Inna tana cewa kada kallon nan ya kai ni ga duba.

Amsar wani malamin kimiyya daga Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Malam, albishirinka, gilashinka lafiyarsa lau. Wannan tauraron shi ne Mushtari, wanda Turawa ke kira Jupita, ɗige-ɗigen nan kuwa watanninsa ne manya guda huɗu, waɗanda Galileo ya hango a 1610 da na'urar da ba ta kai madubinka kyawun gilashi ba. Kewaya shi suke yi. Na kusa da shi bai cika kwana biyu ba yake gama zagaye, na nesa kusan kwana 17, shi ya sa yau ka ga uku, gobe huɗu: ɗaya ya shiga bayansa ko ya gitta ta gabansa. Ka ba yarinyar littafi da fensir, kowane dare ta zana da'ira da inda ɗigon yake. Cikin mako ɗaya ita da kanta za ta gano tafiya suke yi. Na gwada haka da ɗalibaina, har yanzu ban ga darasin da ya zauna musu kamarsa ba.

Zobe kuma na Zuhal ne, wanda Turawa ke kira Saturn, kuma gaskiya madubinka ba zai nuna shi ba. Lambar 10 na nufin yana kusanto abu sau goma, 50 kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. Zoben yana son ninki talatin ko fiye. A naka, iyaka ka ga tauraron ya ɗan yi tsawo kamar ƙwayar shinkafa.

Amsar wani kafinta daga Jega:
Yaya, maganin rawar hannu ba kuɗi ba ne. Ka kwanta a tabarma, ka dafa gwiwar hannu a ƙirji. Ko ka kifa tsintsiyar bature mai dogon mariƙi, ka ɗora madubin a kai. Ni katako na haɗa kamar harafin T na ɗaure da roba, shi ke nan.

Amsar wata ma'aikaciyar jinya daga Yauri:
Ƙanena, ni na riga ka faɗawa wannan ramin, don haka ka saurare ni. Na sayi wata na'ura a intanet saboda an rubuta ninki ɗari-ɗari a kwalinta, ashe ƙafafunta kamar karan dawa, iska kaɗan ta kaɗa abin da kake kallo ya ɓace. Yanzu tana bayan gado. In za ka saya, faɗin gilashi za ka tambaya, kada ya gaza milimita 70, sannan ka jijjiga ƙafafun ka gani. Amma shawarata ka bari tukuna. A watan Maris na 2025 zoben Zuhal ya juya mana gefe har ya zama kamar zare, abin da ke faruwa bayan kimanin shekara 15, kuma a hankali yake sake buɗewa, don haka jira ba asara ba ne. Kafin nan madubinka bai gama yi maka aiki ba. Kaza da 'Ya'yanta ma sun fi kyau a cikinsa, domin babbar na'ura yankinsu kawai take kamawa. Ka gaya wa 'yar tamu hasken da ke shiga idonta ya baro su kimanin shekara 440 da suka wuce.

Ka kuma lura da lokaci. Ƙarshen damina zuwa Nuwamba sama a wanke take. Da hazon hunturu ya sauka, ƙananan taurari sun tafi, sai Mushtari da Zara da wata. Ka zaɓi daren da babu farin wata, ka ajiye waya, ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu. Manhajar Stellarium za ta nuna maka inda kowanne yake, sai dai ka mai da haskenta ja. Rana kuwa, don Allah, kada yarinya ta kuskura ta juya madubi wajenta ko da wasa, makanta ce nan take.

Amsar wani dattijo daga Zuru:
Ɗana, ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta. Duba shi ne mutum ya ce tauraro ya gaya masa abin da zai faru gobe. Kakanninmu da Kaza suke gane ƙaratowar damina, fatake da taurari suke kama hanya, Suratun Nahli ma ta ambaci shiriya da su. Ka hau da ita soron ta ga ramukan wata sau ɗaya. Abin da zan ja kunnenka a kai daban ne: zamanin nan ba na fita bayan gari da dare da madubi a wuya ba ne, wani sai ya ɗauka kana leƙen asiri. Ka tsaya soron gidanka, ka sanar da maƙwabta da mai unguwa, kuma madubi ya kalli sama kawai, ban da gidajen mutane.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Malam da Anti da Yaya kafinta, Allah ya saka da alheri. Kuɗin adashe na bar su inda suke. Jiya mun ɗaure madubin a katako, 'yata ta zana uku a dama, ɗaya a hagu. Inna ta ce ƙafarta ba za ta iya matakala ba, don haka ranar da wata ya kwana bakwai za mu shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida.