Gudummawar kamfanoni ga makarantu: taimako ne ko talla?

Sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum. Shawarar da ke gabanmu, mu tsofaffin ɗalibai, ita ce mu rubuta wa kamfanoni da bankuna a Abuja takarda, mu nemi su gyara ajujuwan firamarenmu ta Gwagwalada waɗanda iska ta yaye wa rufi. Malam ya ce bai goyi baya ba, domin a ganinsa irin wannan gudummawa talla ce kawai. Muna sauraron hujjar kowa.

Malam: Wa alaikumus salam. Hujjata ita ce, abin da ya riƙe ilimi a ƙasar nan doka ce ta tilasta shi, ba alherin kowa ba. Harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, bayan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, shi ne ya zama asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund a 2011, kuma daga kashi 2 cikin ɗari na riba ya kai kashi 3 a 2023. Duk wanda ya shiga jami'ar gwamnati ya ga gine-ginen wannan asusu. Kyauta kuwa, mai ita ne yake zaɓar inda zai kai ta, kuma yawanci inda 'yan jarida za su gani yake kaiwa.

Alhaji: Malam, Allah ya gafarta maka, ka yi wa mutane kuɗin goro. Gidauniyar Dangote ta gina makarantar nazarin kasuwanci a Jami'ar Bayero ta Kano. Shirin ASR Africa na Abdul Samad Rabiu, wanda aka kafa a 2021, ya ba Jami'ar Ahmadu Bello naira biliyan ɗaya. Gidauniyar MTN ta daɗe tana ba ɗaliban kimiyya da makafin ɗalibai tallafin karatu. Ko da sun rubuta sunansu a jikin ginin, ai 'ya'yan talakawa ne suke karatu a ciki. Da babu gara ba daɗi.

Hajiya: Alhaji da Malam, ku ba ni dama in yi magana a matsayina na akanta. Mutane da yawa suna zaton kamfani riba yake ci idan ya ba da gudummawa, alhali ba haka lissafin yake ba. A dokar harajin kamfanoni da muka yi aiki da ita har ƙarshen 2025, gudummawar da aka ba wuraren da doka ta amince da su ana cire ta ne daga ribar da za a ɗora wa haraji, kuma yawanci ba ta wuce kashi 10 cikin ɗari na ribar ba. Ma'ana, kamfanin yana samun sauƙin haraji, amma mafi yawan kuɗin daga aljihunsa suke fita. Sai dai akwai abin da Malam ya faɗa wanda misalan Alhaji suka ƙara tabbatarwa: duka jami'o'i ne. Shi ma TETFund ɗin manyan makarantu kaɗai yake yi wa aiki, ba ruwansa da firamare.

Malam: Na gode, Hajiya, nan ne ciwon yake. A makarantar da nake koyarwa, wani kamfani ya kawo kwamfutoci, aka kafa rumfa, aka yanka kyalle, aka ɗauki hotuna da yara sanye da hulunan kamfanin. Makarantar ba ta da wutar lantarki, ba a kawo sola ba, ba a horar da malami ko ɗaya ba. Har yau suna cikin kwalayensu a ofishin hedimasta, shi kuma kullum cikin fargabar ɓarayi yake. A 2025 mun yi fiye da wata uku muna yajin aiki a kan albashi a nan Birnin Tarayya, ajujuwa a rufe. Wace gudummawa ce ta buɗe su?

Injiniya: Yaya Malam, ba aikin kamfani ba ne biyan albashin malamai, kuma bai kamata mu tuhume su da laifin ƙananan hukumomi ba. Abin da ya fi damuna shi ne hanyar da kaya suke bi. Dukanmu mun ga abin da ya faru a watan Oktoba na 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbun ajiyar kayan tallafin korona a nan Gwagwalada, haka ma a Bukuru ta jihar Filato. Kamfanoni sun haɗa kuɗi ta hanyar haɗakarsu ta yaƙi da korona mai suna CACOVID, amma abinci ya zauna a rumbu mutane suna fama da yunwa. Don haka idan za mu rubuta, kada mu ce a ba mu kuɗi. Mu ƙirga kwanon rufi da katako da kujerun da ake bukata, mu haɗa da hotuna, su turo ɗan kwangilarsu, mu kuma mu sa ido.

Malam: Idan haka ne ba zan hana ba, amma da sharaɗi biyu. Na farko, hedimasta da kwamitin iyaye ne za su faɗi abin da ake bukata kafin a rubuta komai. Na biyu, ranar da takardar kamfanoni za ta fita, a ranar za a kai wata ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin matakin farko ta UBEB, domin gyaran rufin nan haƙƙin yara ne a wuyansu.

Alhaji: Na amince da na farko. Na biyun kuwa, ina tsoron idan kamfani ya ji gwamnati ta shigo maganar zai ja da baya. A bar shi zuwa taron ranar Asabar, mu ji ta bakin hedimasta.