Kalmomin adana abinci a tsofaffin littattafan girkin Turawa: wa zai fassara mana?

Maman Ilham, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Akwai kalmomin da ke yawan fitowa a tsofaffin girke-girken Ingila: corned, potted, souse, da "brine to bear an egg". Me suke nufi? Kuma saltpetre ɗin nan kanwa ce? In haka ne sai a saya a Kurmi kawai.

Malam Na-Fagge:
Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah kar ki sa kanwa. Saltpetre wani sinadari ne daban, irin wanda ake haɗa albarushi da shi, aikinsa ya riƙe jan nama kada ya yi toka-toka. Kanwa kuwa kashe tsami take yi, shi ya sa muke jefa ta a zoɓo ko kunun tsamiya in tsamin ya yi yawa. Abin da ake adanawa da khal, wato vinegar, tsamin ne ke hana shi ruɓewa. Kika zuba kanwa, kin kori mai gadin.

Corned ba masara ba ce. A tsohon Turanci corn ƙwayar kowane abu ce, a nan ana nufin gishiri mai manyan ƙwayoyi da ake binne nama a ciki. Brine ruwan gishiri ne, "to bear an egg" kuma a yi ta ƙara gishiri har ɗanyen ƙwai ya taso saman ruwan. Wajen giram 110 zuwa 120 ke nan a lita ɗaya. Inda ake kuskure: ƙwan da ya kwana biyu yana da iska a ciki, zai taso tun gishirin bai kai ba. Gara sikeli.

Hajiya Mai Girki, Zoo Road:
Malam ya gama magana kan kanwa. Potted shi ne a dafa nama ya yi laushi, a kirɓa shi a turmi kamar za a yi dambu, a danna a ƙaramar tukunya, a kwarara narkakken man shanu a kai ya daskare ya toshe iska. Bambancinsa da dambunmu, mu soyawa muke har ruwan ya ƙone, su kuwa da danshinsa suke rufewa, sun dogara da sanyin ƙasarsu. A zafin Afrilu na Kano, da ake haura digiri 40, man ba zai daskare ba ma. Nama mai danshi, ba iska, ba tsami, ga zafi: nan ƙwayar cutar da ke shanye jiki take samun wurin zama, kuma ba lallai ya yi wari ba. Sai a firij, a cinye cikin 'yan kwanaki. In wutarku irin tamu ce, a yi dambu ko kilishi a huta.

Souse kai da ƙafa ne da aka dafa aka jiƙa cikin khal da gishiri. Su na alade suka fi yi, amma ƙafar saniya ta karɓa.

Abban Sadiq:
Ƙari kan ma'auni, 'yar'uwa. Pint na Ingila mililita 568 ne, na Amurka 473. Gill na Ingila kashi ɗaya cikin huɗu na pint, wajen 142. Ma'aunin na Ingila dokar 1824 ce ta tsayar da shi, littafin da ya girme ta kar ki ɗauki lissafinsa daidai da wannan.

In kin ga an ce a tafasa kokwamba a tukunyar jan ƙarfe don ta yi kore shar, ki tsallake. Khal ne ke cin ƙarfen, koren nan guba ne. Kwalbar gilas, khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, kar a tsarma shi fiye da rabi da rabi da ruwa, kuma ya shanye kan kayan gaba ɗaya. Duk yankan da ya leƙo sama shi zai fara fumfuna.

Kuma "mangoes" a littattafan ƙarni na 18 sau da yawa ba mangwaro ba ne. Kokwamba ce ko ƙaramar kankanar Turawa da aka rarake aka cusa wa tafarnuwa da citta, ana kwaikwayon mangwaron da ake kawo musu a jiƙe daga Indiya. Gurjin 'Yankaba mai tauri zai yi wannan aikin.