An ɗauke wuta awa 17, tankin murjanina ya tsaya cak: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Baban Khalil, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya da la'asar taransifomar layinmu ta yi ƙara ta mutu. Janaretana kuma ya ƙi tashi sai jiya da hantsi da mai gyara ya zo, wato kusan awa 17 babu abin da ke motsi a tankin. Lita 300 ne, na ruwan gishiri, ina kiwon kifayen teku da murjani mai rai a ciki, shekara biyu da wata huɗu ina renonsa.

Da asuba na haska tocila, sai ga babban kifina ruwan ɗorawa, irin da ake kira tang, kwance a gindin dutse, ya riga ya sandare. Kifayen kilawun guda biyu, ƙananan nan masu ratsin fari, suna can sama, baki a fuskar ruwa, suna ta haki. Murjanai masu laushi duk sun tsuke kamar an matse su, Acropora guda ɗaya kuma, wato murjani mai tauri mai rassa, ya fara fari daga gindi. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 29.5. Yanzu komai na aiki, amma ruwan ya ɗan yi hazo, kuma hankalina bai kwanta ba. Don Allah duk wanda wuta ta taɓa yi masa haka ya faɗa mini me ya yi a daren, me ya rasa, me kuma ya kamata in yi yau.

Maman Zahra, Abuja

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Baban Khalil. Na san zafin tsamo kifin da ka saba ciyarwa da hannunka.

Ni kuskurena fitila ce. Karon farko da aka ɗauke mana wuta ta kwana, ina da 'yar ƙaramar inbata, sai na jona mata fitilar tankin don tsoron kada murjani ya mutu a duhu, na bar famfuna a kashe. Kafin gari ya waye batir ya ƙare, kifi huɗu sun tafi. Murjanin da nake wa tsoro kuwa ko gezau bai yi ba. Daga baya na gane yana iya yin kwana uku a duhu bai damu ba, ai ko a teku ana yin kwanaki hadari ya rufe rana. Iska ce ke ƙarewa, kuma cikin 'yan awoyi take ƙarewa.

Karo na biyu ba ni da komai sai jug ɗin roba na kicin. Ni da 'yata babba muka raba dare. Duk bayan minti goma ko sha biyar sai mutum ya ɗebi ruwan tankin, ya ɗaga hannu sama, ya tsiyaye shi ya koma ciki har ya yi kumfa, kamar sau ashirin. Wajen ƙarfe uku na dare ta yi barci a kan kujera da jug ɗin a cinyarta, na zare a hankali na ci gaba. Kafaɗata ta kwana biyu tana ciwo, amma ko katantanwa ɗaya ban rasa ba. Washegari na sayi famfon kumfa mai aiki da manyan batura biyu irin na tocila. Guda biyu na saya, suna nan a durowar ƙasan tankin tare da batura sabbi.

Injiniya, Kano

Hajiya ta faɗi gaskiya, bari in ƙara da dalilin. Ruwan gishiri ba ya riƙe oksijin kamar ruwan daɗi, yana gaza shi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma duk yadda ruwa ya ƙara ɗumi, abin da yake riƙewa raguwa yake. Sannan ba kifi kaɗai ke shaƙa ba. Ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin duwatsu da yashi suna sha, murjani na sha, hatta gansakukar da ke ba da oksijin da rana, in duhu ya yi sha take yi. Shi ya sa manyan kifaye masu yawan iyo irin su tang ke fara tafiya, kilawun kuma ya jure.

Ga lissafin da na yi wa kaina bayan na rasa nawa a 2022. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200. In irin mai dalma da asid ɗin nan ne, rabi kawai ake so ka ci don kada ya lalace da wuri, saura 600. Famfon da ke kaɗa ruwa a tankina wat 10 yake ci, ka ga zai yi kwana biyu yana juyawa ko an cire abin da inbata ke cinyewa. Amma in ka haɗa da fitila mai wat 100 da na'urar sanyaya ruwa mai wat 200, awa biyu ya isa ka koma duhu. Don haka na ware wa famfon nan batirinsa shi kaɗai, ba ya haɗa layi da firji ko talabijin, na kuma karkata bakinsa sama yadda zai riƙa fasa fuskar ruwa. Wanda ya kaɗa ruwa a ƙasa ya bar sama lumui, rabin aiki ya yi.

Kawu Mai Murjani, Legas

Ɗana Baban Khalil, ka yi haƙuri, amma kada ka ɗauka an gama. Shekara goma sha ɗaya ina wannan abu, kuma asarar da ta fi yi mini ciwo bayan wuta ta dawo ta same ni.

A lokacin ina da matatar nan mai rufaffiyar tukunya a ƙasan tanki. Wuta ta yi kwana ɗaya da yini a ɗauke, na yi ta fama da bokiti, kifi duk suka rayu. Da aka kawo wuta na yi hamdala na tafi masallaci. Ina dawowa, tun daga bakin ƙofa na ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan da ya kwana a kulle cikin matatar ba iska ya ruɓe, famfo na tashi ya watso shi duka cikin tanki. Kafin isha'i kifi bakwai sun mutu. Tun daga ranar, da zarar wuta ta wuce awa biyu zuwa uku a ɗauke, nakan zare filogin matata, kuma ba ta komawa aiki sai na buɗe na zubar da ruwan ciki na ɗauraye soson da ruwan tanki.

Abin da za ka yi yau: ka ƙirga kowa. Kifi, jatan lande, ƙaguwa, musamman katantanwa, domin ita tana mutuwa a cikin ƙoƙonta ba ka sani ba. Wadda ka ga ta daɗe a wuri ɗaya ka ɗauko ka shinshina, hancinka zai gaya maka. Hazon da kake gani alama ce akwai abin da ke ruɓewa, bakteriya na ninkuwa a kansa, su ma kuma iskar suke ci, saboda haka ka bar famfon kumfa a ciki ko da wuta na nan. Ka auna amoniya, gubar da ruɓa da kashin kifi ke haifarwa a ruwa, safe da yamma, sifili ake so. Ka canza kwata na ruwan, lita 70 zuwa 75, da ruwan da ka haɗa ya kwana yana juyawa, gishirinsa 1.025 a ma'aunin gishiri kamar na tanki, zafinsu ɗaya. Ka sa sabon gawayin tacewa, domin murjanai masu laushi in suka sha wuya suna fitar da guba da ke ƙona masu tauri. Abinci kuwa ka ɗaga musu kwana biyu, yunwar kwana biyu ba ta kashe kifi.

Acropora ɗin nan, in farin yana hawa sama kana ganin naman na saɓulewa, kada ka jira. Ka yanke rassan da ke da lafiya, can sama da inda farin ya tsaya, ka dasa su daban, ka jefar da gindin.

Ummu Hanan, Kano

Ni abin da ya same ni ban ji wani ya ambata ba. Watan Afrilu ne, zafin Kano kun san shi, an ɗauke wuta, ba fanka, sauro ya hana yara barci. Na yi dabara na sa famfon kumfa mai batir, ina ganin na tsira. Ashe ƙanina ya shiga falo ya fesa maganin sauro ya ja ƙofa, da kyakkyawar niyya. Famfon kuwa iskar ɗakin yake zuƙa yana turawa cikin ruwa. Da safe jatan landena masu share jikin kifi guda biyu, da ƙaguwoyi duka, sun mutu. Kifi biyu suna ta juyi kamar masu farfaɗiya, ɗaya ya tashi, ɗaya bai tashi ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, yaron ma sai da ya yi.

Irin maganin nan, na fesawa da na kunnawa, guba ne mai ƙarfi ga halittun ruwa, kaɗan ya isa. Yanzu kowa a gidan ya sani, ɗakin tanki ba feshi, ba turaren wuta. Haka hayaƙin janareta, in yana kusa da taga ku matsar da shi.

Sadauki, Zariya

Maganar zafi fa? Ni ƙanƙara nake saya wurin masu sayar da ruwan sanyi in fasa in zuba kai tsaye. Daga 30 na sauke shi zuwa 26 cikin rabin awa, kuma ban rasa kifi ba.

Kawu Mai Murjani, Legas

Sadauki, Allah ne ya kiyaye ka, kada ka sake. Ba ka san da wane ruwa aka yi ƙanƙarar ba, in na famfo ne akwai kilorin, kuma kana tsarma gishirinka. Saukar digiri huɗu cikin rabin awa ma wata wahalar ce a kan wahala. Ka daskarar da ruwa a gorar roba, ka rufe gam, ka wanke bayanta, ka bar ta tana yawo a sama, ana sauka sannu a hankali. Murjani 25 zuwa 26 yake so. In ya daɗe a 30, 'yan ƙwayoyin gansakukar da ke zaune cikin namansa, masu ba shi launi da abinci, fita suke yi ya koma fari.

Injiniya, Kano

Ƙari a kan maganar Kawu: buɗe murfin tanki ka sa ƙaramar fanka mai caji tana hura fuskar ruwa. A busasshiyar iskar arewa tana sauke digiri biyu cikin sauƙi. Sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa sosai, kuma ruwa ne ke tashi, gishiri na nan. Da tataccen ruwan RO, wanda na'urar tacewa ta cire wa gishiri da sinadarai, za ka cike gurbin, ban da ruwan gishiri, ban da na rijiyar burtsatse.

Baƙon Texas, Houston

Salam daga nesa. Mu namu akasin naku ne. A Fabrairun 2021 da guguwar sanyi ta kashe wuta a Texas, kwana biyu da rabi muka yi, cikin gida kamar firji. Na naɗe tankin da barguna uku, na bar 'yar kafa don iska. Murhunmu na gas ne, sai na riƙa ɗumama ruwa ina cika goruna ina sakawa ciki, duk awa ɗaya in canza. Famfo ɗaya kuma na ja masa waya daga inbatar mota da ke waje. Duk da haka ruwan ya sauka har 19. Kifi sun rayu, murjanai masu tauri kusan rabi suka tafi, wasu ma sai bayan mako guda suka fara zubar da nama. Don haka Yaya, ko ka ga komai lafiya gobe, ka ci gaba da sa ido har sati biyu.

Wani abu kuma, ka duba ƙaramin tankin ƙasa, wanda ruwa ke gangarawa cikinsa a tace kafin ya koma sama. Ni da famfon da ke mayar da ruwa sama ya tsaya, tiyon ya zuƙo ruwa baya ya cika shi ya malale a kafet. Ƙaramin rami ake hudawa a jikin bututun, dab da ƙasan fuskar ruwa, da ruwa ya sauka iska ta shiga sai zuƙon ya tsaya. Kuma kada ka kunna sikima, na'urar da ke kwashe datti da kumfa ta tara a kofi, sai ruwan ƙasa ya koma daidai, in ba haka ba kofinta zai yi ambaliya ya mayar da dattin ciki.

Baban Khalil, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Kawu, na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Na samu manyan katantanwa biyu matattu a bayan dutse, warin har yanzu yana hancina. Amoniya ta nuna 0.25 jiya da yamma, na canza lita 75 na sa gawayi, yau da safe ta koma sifili, hazon ma ya washe. Sikimar tawa ta riga ta yi ambaliyar da Baƙon Texas ya faɗa tun ranar da janareta ya tashi, ban san dalili ba sai yanzu.

Acropora na yanke rassa uku, biyu sun fito da 'yan gashin jikinsu da daddare, alamar suna raye, na ukun ya yi fari na cire shi. Kilawun sun koma cikin murjanin da suka saba kwana. Hajiya Maman Zahra, na sayo famfon batir guda biyu, na kuma gargaɗi mutanen gida kan feshi. Injiniya, famfona wat 18 ne, kuma batirin da na samu mai amfiya-awa 75 ne na hannu. Zai kai ni kwana guda, ko in ƙara kuɗi in ɗauki sabo?

Injiniya, Kano

In sabo ne, 75 sau 12 ya ba ka 900, rabinsa 450, ka raba da 18, awa 25 ke nan a takarda, ka ɗauka 20 bayan cin inbata. Na hannu kuwa ba a yarda da abin da aka rubuta a jikinsa. Ka cika shi da caji, ka jona famfon ranar Asabar da kana gida, ka duba agogo ka ga inda zai kai kafin ka biya.