Sabuwar fistol tana cijewa, ga hunturu ya kawo kai

Auwal, Gombe:
Assalamu alaikum manyanmu na wannan zaure. Shawara nake nema. An ba ni sabuwar ƙaramar fistol a wurin aiki, 9mm, mai jikin roba, magazin ɗinta na cin harsashi 15. Daga kwali ta fito. Yadda aka miƙo min ita haka na je filin harbi da ita, ba wanki ba mai. Sai ta riƙa cijewa: wani lokaci kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita, wani lokaci kuma silaid, wato ƙarfen saman nan da ke ja baya ya dawo, ya ƙi rufewa har ƙarshe sai na tura shi da babban yatsa. Shin sabunta ce ko aibi gare ta? Wane mai ya dace? Wasu sun ce min man keken ɗinki, wasu sun ce baƙin mai na mota ya fi riƙo. Kuma za a tura ni wajen Bajoga, kun san ƙurar can.

Baba Garba, amora (mai kula da makamai) mai ritaya:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, a muƙami kana gaba, amma a wannan maganar ka saurare ni a matsayin ɗa. Kada ka yanke wa bindigar hukunci tukuna. Abin da kamfani ke shafa wa sabuwar bindiga yawanci na hana tsatsa ne a ajiya da cikin jirgin ruwa, ba na aiki ba. Yana da danƙo, idan ya daɗe a kwali ya ƙara kamawa, shi ke riƙe silaid ya hana shi gudu. Wanki ne farko.

Kafin ka taɓa komai, kwashe harsashi gaba ɗaya daga ɗakin da za ka yi aikin. Cire magazin, sannan ka ja silaid baya ka kulle shi. A bi wannan jerin, kada a juya shi: wanda ya fara jan silaid kafin ya cire magazin, ya fitar da ɗaya ne ya ɗora wani. Leƙa cemba, wato gindin bututu inda harsashi ke zama, da ido, ka sa ƙaramin yatsa ka taɓa. Dalilin nanatawa shi ne da yawa daga cikin masu jikin roba, irin su Glock, sai an danna kunama kafin silaid ya fita, kuma a daidai wannan gaɓar ake harbin ƙafa da tebur. Ka juya bakinta zuwa bokitin yashi ko buhun ƙasa, ba bangon da mutane ke bayansa ba, ka saki silaid ya rufe, kafin ka danna.

Daga nan ja silaid baya kaɗan, kamar milimita 3, ka sauke 'yan maɓallan nan biyu na gefe tare, ka tura shi gaba ya fita. Idan taka mai hannun juyawa ce a gefe, littafinta zai nuna maka. Gida huɗu za ta rabu: jiki, silaid, bututu, da sifirin mai mayar da silaid tare da sandarsa. Iyakarka ke nan. Abin da ya wuce haka, fil da kunama da allurar da ke dukan gindin harsashi, aikin amora ne.

Bututu ana wanke shi daga gindi, wato ta cemba, zuwa baki. Idan kana cusa sanda ta baki kana gurzar gefensa, sannu a hankali saiti zai lalace. Jiƙa ɗan tsumma da ruwan wankin bindiga ka tura, bar shi minti 5, bi da burushi ya fita gaba ɗaya kafin ka jawo shi baya, kada ka juya shi a tsakiya. Sai busassun tsummoki har na ƙarshe ya fito fari. Ɗan gangaren nan da harsashi ke hawa ya shiga cemba, goge shi ya yi ƙyalli da tsumma kawai. Sandfefa ko zarto kada su kusance shi.

A silaid, sa tsohon burushin haƙori ka goge fuskar da gindin harsashi ke zama, da ƙarƙashin ƙugiyar da ke fizgo kwanso. Riƙe shi bakinsa na kallon ƙasa yayin da kake gogewa, don kada dauɗa da ruwa su gangara cikin ramin allura.

Mai kuwa ɗigo 5 zuwa 6 ya ishi bindigar duka. Ɗigo ɗaya a bayan bututu ka shafe da yatsa, har saman cemba da ƙafar da ke ƙasansa. Ɗaya a kowane layin da silaid ke gudu a kai. Ɗaya a cikin rufin silaid inda bututu ke goga. Ɗan kaɗan a inda sandar kunama ke haɗuwa da ƙarfen baya. Ramin allura a bushe ake barinsa. Mai a wurin yana tara ƙura ya zama taɓo, allura ta rasa ƙarfin duka, ka danna ka ji ƙyas babu ƙara. Idan ka haɗa ta ka ga mai na tsatsowa a gefen silaid, ya yi yawa, goge.

Saje Hauwa:
Oga, bayan abin da Baba ya faɗa, a duba riƙo. Kwanso ya tsaya a tsaye a taga, galibi hannu ne. Ƙaramar fistol ba ta da nauyi, sifirin ɗinta kuma yana da tauri, musamman tana sabuwa. Silaid na buƙatar jikin bindigar ya tsaya cak kafin ya ja baya har ƙarshe. Idan wuyan hannu ya saki, jikin ya bi shi baya, ƙarfin ya tafi a banza, kwanso bai gama fita ba silaid ya dawo ya datse shi.

Hannun dama ya hau can sama, babu rata tsakanin fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni da wutsiyar bindigar. Hannun hagu ya cike sauran gurbin, shi ne zai matse sosai. Wuyan hannu a ƙage. A lura kuma kada babban yatsa ya goga silaid ko ya kwanta a kan maɓallin da ke kulle shi.

Gwajin mai sauƙi ne: a ba wani gwani ya harba magazin ɗaya da harsashi iri ɗaya. Idan ta tafi lafiya a hannunsa, an san inda gyara yake. Wani abu kuma, wajen ɗanawa a ja silaid har ƙarshe a sake shi ya tafi da ƙarfinsa. Raka shi da hannu a hankali na cikin abin da ke sa ya ƙi rufewa.

Kofur Sani, Kumo:
Ni abin da na sani sai an harba 200 zuwa 300 kafin a ce sabuwar fistol ta zauna. To Oga, wa zai sa maka hannu a kan 300? Harsashi ƙidaya ne, kowane ɗaya sai ka yi bayaninsa.

Baba Garba:
Kofur, ka yi gaskiya rabi. Wannan lissafin ya fi shafar masu jikin ƙarfe da aka haɗa su a matse, waɗanda sai ƙarfe ya goga ƙarfe ya yi santsi. Mai jikin roba ta zamani ya kamata ta yi aiki da zarar an wanke an sa mai. Harbin da ake yi mata na farko gwaji ne, a san halinta kafin a dogara da ita, kuma ko ba a samu 200 ba akwai mafi ƙarancin da bai kamata a sauka ƙasa da shi ba: kowane magazin a cika shi a harbe shi tas, aƙalla sau ɗaya, da irin harsashin da za a fita aiki da shi, a ga silaid ya kulle a baya bayan na ƙarshe. Sauran sassautawar ana samun wani abu daga ciki da hannu: bindiga babu komai a ciki, an sa mai, a ja silaid a mayar sau 100 ko fiye.

Idan bayan wanki da gyaran riƙo ta ci gaba da cijewa a hannun mutum biyu da magazin daban-daban, a mayar da ita amori, wato ɗakin ajiyar makamai, a rubuce. Kada a fita sintiri da ita ana fatan za ta gyaru a hanya.

Mai Shago, Tudun Wada:
Don Allah mu farar hula fa, ina ake samun irinta da lasisi? Saboda tsaron shago.

Shugaban zaure:
Alhaji, ba a nan ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da rabolba cikin haramtattun bindigogi, waɗanda lasisinsu na hannun shugaban ƙasa, kuma mallakarsu ba izini hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Maganar da ake yi a nan ta makamin aiki ce da hukuma ta ba jami'inta. Duk wanda ya kawo tallan bindiga ko harsashi za a cire shi.

Sufeto Bala, Dukku:
Maganar mai nake so in tsaya a kai, don nan aka fi ɓarna. Man gyaɗa, man ja da man shanu a manta da su, suna daskarewa su yi ƙauri su zama gam. Baƙin mai da aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe da dauɗa. Man feshin nan WD-40 na korar ruwa ne, ba ya daɗewa a matsayin man gudu. Fetur kuma, ban da haɗarin wuta, yana wanke ƙarfe ya bar shi tsirara, tsatsa ta samu wuri. Abin nema shi ne man bindiga na ainihi, irin wanda ake rubuta CLP a jikinsa, mai wanki da santsi da hana tsatsa a haɗe. A fara tambaya a amori. Idan babu shi sam, man keken ɗinki zai riƙe na ɗan lokaci, sai dai yana da ruwa, zafin Maris da Afrilu kan busar da shi da wuri, dole a riƙa sabuntawa.

Lokaci ma na canza lissafi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu maƙiyinka ƙura ce, ga ta hunturu ga ta manyan motocin siminti a hanyar Ashaka. Ƙura da mai idan suka haɗu suna zama kamar kullun da ake wasa wuƙa da shi, su riƙa cin layin silaid. A wannan lokacin rage mai, shafa ka goge har ya rage sheƙi kawai, wajen bindigar kuma a bushe. Kullum da yamma a goge da busasshen tsumma, sau ɗaya a mako a kwance ta gida huɗu, ko an harba ko ba a harba ba.

Da damina labari ya juya, musamman Agusta, ko in aiki ya kai mutum bakin ruwa irin Dadin Kowa. Laima da gumi ne ke kawo tsatsa. Gefen silaid da ke manne da jiki, da saitin baya, da maɓallin cire magazin, nan jan ɗigo ke fara bayyana. Kuben fata na shan gumi ya riƙe shi, don haka kada bindiga ta kwana a cikinsa. Idan ruwan sama ya duke ta, a kwance, a busar, a sa mai a ranar. Kuben ma ya zama wanda ya rufe kunama gaba ɗaya kuma bakinsa bai lanƙwashe ba, don tsohuwar fata da ta yi laushi na iya naɗewa ta shiga gaban kunama wajen mayarwa. Sokawa a ƙugu haka nan babu kube, wannan ba ma abin tattaunawa ba ne.

Saje Hauwa:
A ƙara da magazin. Cikinsa ba a sa mai, busasshen tsumma kawai. Sabo yana da tauri, na 14 da na 15 sai da ƙyar, wannan ba aibi ba ne. A rubuta lamba a gindin kowanne, 1, 2, 3, don idan cijewar na zuwa ne a kan guda ɗaya a gane shi a ware. Wanda ya faɗi a kan siminti a duba leɓensa na sama, in ya buɗe ko ya tsage a canza shi, ba a gyara shi da filaya.

Harsashi kuma a karanta gindinsa. 9x19 daban, 9x18 na Makarov daban, 9x17 daban, duk ana ce musu 9mm amma ba sa maye gurbin juna. Abin da aka rubuta a jikin bututu shi za a bi. Wanda kullum ake ɗorawa a cemba da safe a sauke da yamma, kansa na nutsewa cikin kwanso a hankali, hakan na ƙara matsin wuta fiye da ƙima. A jera shi kusa da sabo a kan tebur, in ya fi guntu a mayar wa amora. Mai tsanwar tsatsa ko wanda mai ya jiƙa shi ma haka.

Abu biyu a filin harbi. Idan an danna ba ta tashi ba, a bar bakinta na kallon gaba daƙiƙa 30 kafin a buɗe, wani yana jinkirin kamawa. Idan kuma ƙarar ta fito a raunane, bugun ya yi sanyi, a tsaya nan take. Wataƙila kan harsashin ya maƙale a bututu, na biyu in ya same shi a can bututun zai kumbura ko ya fashe a hannu. A sauke, a kwance, a leƙa.

Auwal, Gombe:
Allah ya saka da alheri, Baba, Allah ya ƙara girma. Na kwance ta yanzu. Akwai wani maiƙo mai launin jan ƙarfe a cikin layin silaid ta baya, shi ma in goge? Sannan yaushe ake canza sifirin?

Baba Garba:
Wannan ka bar shi, ɗana. Wasu kamfanoni da gangan suke sa shi don gogayyar farko, da kansa zai ƙare. Mai danƙon nan mai ruwan ƙasa-ƙasa ko rawaya shi ne na gogewa.

Sifirin mai mayar da silaid ana yawan canza shi wajen harbi 5,000, ƙananan bindigogi wani lokaci kafin haka, littafinta ne zai yanke. Da wuya ka kai can nan kusa, amma ga yadda ake gwada shi: bindiga babu komai a ciki, ka tabbatar sau biyu, ɗaga bakinta sama, danna kunama ka riƙe, ja silaid baya ka raka shi a hankali. Idan ya rufe ruf da kansa, sifirin na da rai. Idan ya tsaya saura ƙiris, kai wa amora. Ka samu ɗan littafi kana rubuta ranar harbi, adadin da aka harba, lambar magazin da irin cijewar da ta yi, shi za ka nuna masa idan ka je. Wajen mayar da sandar sifirin kuma ka tabbatar gindinta ya zauna a ramin da ke ƙafar bututu, ba a matakin sama ba, in ba haka ba silaid zai ƙi hawa jikin.